Zaren da Na Haɗo da Takardar

Wasiƙarku ta same ni a Tudun Jukun ranar Laraba,
ina tsakiyar kan wata malamar firamare,
yatsuna sharkaf da man kaɗanya.
Ramlatu ce ta karanta mini.
Da ta zo kan “babu sabon abu a ciki” sai ta yi tsit.
Na ce ƙarasa mana, ai ba saƙon rasuwa ba ne.

Kun ce kitso kitso ne,
ana yin sa tun ganuwa tana ɗanyen laka.
Ban musa ba.
Kakata ta yi doka, innata ta yi shuku,
ban ce ni na ƙago gashi ba.
Amma kai mai sa hannu a gindin takarda,
ka taɓa riƙe kan da ke tsoron mataji?

Barira ƙanwata ta baro Shika bayan wata bakwai na ƙarin ruwa,
kanta tas kamar bayan ƙwarya.
Da gashin ya dawo, sai ya dawo kamar tsiron gero a ruwan farko,
ka ja kaɗan, ya biyo ka.
Da ɗankwali take barci.
Madubin ɗakinta ta juya shi yana kallon bango.

A kanta na koya, daren Juma'a goma sha ɗaya.
Daga ƙeya nake tashi, ba daga goshi ba.
Tsagar a karkace, yadda manomi ke jan kunya a gangare
don kada ruwa ya kwashe masa ƙasa.
Sili uku, amma na tsakiya zaren auduga ne da ya kwana a mai,
shi ke ɗaukar kaya,
gashin kwanciya kawai yake yi a bayansa kamar goyo.
Duk murɗa bakwai in saki ɗaya, saiwa ta yi numfashi.
Ranar tsifa kuwa ba kibiya,
bakin zare za ka kama, ya zame.
Ku nuna mini littafin da wannan yake ciki,
in je in gaishe da mai shi.

Sai dalilinku na biyu, wanda ya hana ni cin tuwo:
wai ni na tona shi da kaina,
tunda duniya ta gani kafin ku gani.
Haka ne. Wata nas ta aiko mini mata huɗu, na yi musu.
Ramlatu ta ɗauka a waya.
Yanzu wani shago a Kaduna ya raɗa masa sunan da ba na iya faɗa,
dubu goma sha biyar kai ɗaya,
kuma da zaren roba suke yi, yana yanka.
To da me zan ce wa matan nan?
Ku riƙe ɗankwalinku sai Abuja ta buga hatimi?

Nafi'u ɗan maƙwabta, da ke karatun lauya a Kongo,
ya ce abin nan sunansa ɗaukaka ƙara.
Ya tambaye ni karkatar tsagar digiri nawa ce.
Na ce babban yatsana ya sani, tambaye shi.
Ya kawo ma'aunin lissafinsa ya ɗora a kan Barira,
tana dariya har awon ya ɓaci sau biyu.
Kuɗin adashina na watan nan shi ya zama rasit ɗinku.

Ga zane tara, kowane sili da lambarsa.
Ga rasit.
Ga kuma ƙullin leda, kada masinja ya zaci shara ce:
zaren da na zare daga kanta ne bayan kwana ashirin da ɗaya.
Ku shimfiɗa shi a kan farar takarda,
ku ƙirga gashin da ya biyo shi.
Ni na ƙirga a hasken taga. Huɗu.

Shekaranjiya a gidan suna a Kwarbai,
cikin mata, ɗankwalinta ya zame ya faɗi.
Sai da ta gama ba da labarin da take bayarwa
sannan ta sunkuya.

Ina da mai jira a tabarma, rabin kanta a tsefe.
Uwani Makitsiya.